RA'AYINMU: Karayar Arziki Da Fatawar Ɗan Makaranta

Duk wanda ya taka ƙofar jami'a ya san irin rawanin da ake naɗa masa ranar da ya koma gida hutu. Ko da lissafi yake karantawa ko ilmin ƙasa, a zauren gidansu shi ne likita, shi ne lauya, shi ne mai fassara takardar banki. Wannan girma ne da iyayenmu suka ba mu saboda kyakkyawan zaton da suke yi wa ilmin zamani, kuma ba mu raina shi ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda muke karɓar rawanin da hannu biyu, mu buɗe baki mu yanke hukunci a kan al'amuran da saninmu a kansu bai wuce abin da muka tsinta a wani littafi ko muka gani a waya ba.

Bayan komowarmu daga hutun nan wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya ba mu labarin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Kawunsa ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa. Ya karɓi kaya bashi, sai darajar Naira ta faɗi bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023, ciniki ya tsaya, masu bin sa suka fara sallama safe da yamma. Da aka kira ɗalibin nan shawara, sai ya ce ai abu ne mai sauƙi, Kawu ya tafi kotu ya shaida cewa ya karye, daga ranar ba mai ikon ƙara tambayarsa ko kwabo, bayan shekara guda kuma a wanke shi tas. Dattijo ya ji daɗi, ya faɗa wa masu bin sa haka nan gatsau. Mutanen da dā suke shirin yi masa haƙuri suka ɗauka yana neman cinye musu dukiya ne, ba a yi mako biyu ba sai ga sammaci daga kotun alƙali. Ɗan'uwan namu bai yi ƙarya ba. Abin da ya faɗa doka ce sosai, sai dai rabinta ta Amurka ce, rabinta ta Ingila, Kawu kuwa a arewacin Nijeriya yake zaune.

To, bari mu bi abin daki-daki, domin a nan ne kuskuren yawancinmu yake.

Mafi yawan bayanin da ke yawo a kan karayar arziki daga Amurka ya fito, inda aka kafa dokar da suke aiki da ita a 1978, aka yi mata babban gyara a 2005. A can, da zarar mutum ya shigar da takardarsa, doka tana dakatar da masu bin sa bashi nan take. In ya bi ta Babi na 7, sai a naɗa amintacce ya sayar da abin da doka ta yarda a sayar na dukiyarsa, a raba wa masu bashi, cikin 'yan watanni a yafe masa mafi yawan abin da ya saura. In kuwa ya bi ta Babi na 13, sai a tsara masa biya a hankali cikin shekara 3 zuwa 5. Wannan shi ne bayanin gaba ɗaya, kuma mai karatu zai zaci ya gama sanin komai.

Alhali kuwa ko a Amurkan kanta wannan bayani ba ya isar mutum. Dokar ta tarayya ce, amma abin da za a bar wa mutum na dukiyarsa ya danganta da jihar da yake zaune. A jihohin Florida da Texas ba a sa iyaka ga darajar gidan da za a bar wa mai shi ba, faɗin filin kawai aka ƙayyade. A wasu jihohin kuwa ɗan abin da ake karewa bai taka kara ya karya ba, gidan na iya tafiya. Saboda masu wayo sun riƙa ƙaura don su ci moriyar wannan bambanci, gyaran 2005 ya ce sai mutum ya yi kwana 730 a jiha kafin ya dogara da sassaucinta. Ƙasar tana da gundumomin shari'a na tarayya 94, kotunan karayar arziki kuma kowace da nata ƙananan ƙa'idoji na yadda ake shigar da takardu da lokacin shigar da su. A jihohin Alabama da North Carolina ma jami'in da ke sa ido a kan shari'ar daban yake da na sauran ƙasar. Abin da ya fi shafarmu mu ɗalibai shi ne bashin karatu: dokarsu ta ce ba a yafe shi sai in biyansa zai jefa mutum cikin matsanancin ƙunci, amma kotunan ɗaukaka ƙara ba su haɗu a kan ma'auni guda na gane wannan ƙunci ba. Yawancinsu suna bin ma'aunin da aka kafa a shari'ar Brunner ta 1987, wasu kuwa suna duban halin mutum baki ɗaya. Watau mutum biyu masu bashi iri ɗaya, a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya, na iya fita daga kotuna biyu da hukunci biyu. In haka abin yake a gidan da bayanin ya fito, ina ga wanda ya ɗauko shi ya tsallako teku da shi?

Zancen wankewa bayan shekara guda kuwa na Ingila ne, tun daga gyaran da ya fara aiki a 2004. Ko a tsibirin nasu ma Sukotlan tana da nata tsarin daban.

Mu dawo gida. Nijeriya tana da Dokar Karayar Arziki wadda gwamnatin soja ta kafa a 1979, aka yi mata kwaskwarima a 1992. Ta shafi mutum ne shi kaɗai. Kamfani mai rajista hanyarsa daban ce, tana cikin Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta kawo sababbin hanyoyin ceto kamfani kafin a kai ga rushe shi. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 251, ya danƙa shari'ar karayar arziki ga Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai. Saboda haka kotun alƙali ba ta da hurumin ayyana mutum a matsayin wanda ya karye bisa wannan doka, haka ma kotun majistare, haka ma Babbar Kotun Jiha. Mai son bin wannan hanya sai ya nemi lauya, ya nufi inda Kotun Tarayya take zama, wanda yawanci babban birnin jiha ne, ya biya kuɗin shigar da ƙara, shi da aka ce ba shi da ko sisi. Tsufan dokar ma a fili yake: mafi ƙarancin bashin da mai bi zai iya kai ƙara a kansa shi ne Naira 2,000, kuɗin da a 1979, lokacin da Naira ta fi Dala daraja, ya isa jari, yau kuwa da ƙyar ya sayi kwanon shinkafa. Ba abin mamaki ba ne da dokar ta zama kusan ado a littafi, ba kasafai ake jin an yi aiki da ita ba.

Kuma wanda ya bi ta ba wanka ya je yi ba. Muddin ba a sallame shi ba, Tsarin Mulki ya hana shi tsayawa takarar majalisar jiha ko ta tarayya, ko gwamna, ko shugaban ƙasa, Dokar Kamfanoni kuma ta hana shi zama darakta. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikatan gwamnati su buɗe kunne da kyau a nan: Ƙa'idojin Aikin Gwamnatin Tarayya sun lissafa karayar arziki da dulmuya cikin bashi a jerin manyan laifuffukan aiki, irin waɗanda kan iya kai mutum ga kora. Shawarar da ta ceci wani ma'aikaci a Landan tana iya raba wani da kujerarsa a sakatariya.

To, in ba a Kotun Tarayya ake yin ta ba, a ina talaka mai bashi yake haɗuwa da shari'a? Amsa ita ce a ƙananan kotuna, ta hanyar ƙarar neman biyan bashi, kuma a nan ne bambancin wuri yake nuna kansa sosai. A jihohin arewa da yawa majistare kan zauna a matsayin alƙalin kotun gunduma in shari'ar ta kuɗi ce. Akwai kotunan yanki da suka gāji kotunan alƙalai na zamanin En'e tun daga gyaran 1968, a jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci daga shekarar 2000 kuma akwai kotunan Shari'a. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018 don bashin da bai wuce Naira miliyan 5 ba, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya, Kano da wasu jihohi suka bi sahu, kowace da nata ƙa'ida. Hatta wa'adin da bashi yake tsufa har a rasa ikon kai ƙara a kansa ba ɗaya ba ne: shekara 6 ne a Legas ga yarjejeniya ta yau da kullum, a wasu jihohin shekara 5. Ɗalibin da ya haddace shida daga littafin da aka rubuta a Legas, ya je ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa tana da sauran shekara guda ta bi kuɗinta, yana iya jawo mata asarar da ba ta da magani.

Kotun alƙali, inda aka kai Kawu, ita ce ta fi cancantar mu tsaya a kanta, domin ita ce mafi kusa da jama'armu, kuma ita ce bayanin Turawa bai san da zamanta ba. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da sanin wannan matsala, yana da babi sukutum a kan muflisi, watau wanda bashi ya rinjayi dukiyarsa, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu suka tashi da su. A wannan tsari, in masu bashi suka kai kuka, alƙali yana iya hana mutum taɓa dukiyarsa, a sayar da ita, a raba musu gwargwadon abin da kowa yake bi. Bashin da wa'adinsa bai yi ba sai ya zama ya yi. Wanda ya tarar da ainihin kayan da ya sayar wa muflisi suna nan ba su canja ba, ya fi sauran haƙƙi a kansu. Ga ɗan kasuwa irin Kawu, wannan yana nufin dilolin atamfar da ba a kwance ba suna iya komawa ga mai su. Ana bar wa mutum tufafinsa da abin da zai ciyar da iyalinsa na ɗan lokaci. In ya tabbata ba shi da komai, sai a saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. In kuwa ana zargin ya ɓoye dukiya, malamai sun yarda a tsare shi har gaskiya ta bayyana.

Ga kuma inda hanyoyin biyu suka rabu ƙwarai. A wannan fiƙihu jinkiri ake yi wa mai bashi, ba a shafe bashin. Ranar da ya samu, za a biyo shi. In ya mutu, sai an biya daga abin da ya bari kafin magada su taɓa ko allura. Mai bashi kaɗai ke da ikon yafewa. Saboda haka kalmar "wankewa" da ɗan'uwanmu ya kai gida ba ta da mazauni a gaban alƙalin da Kawu ya gurfana, kuma ba ta da mazauni a zukatan 'yan kasuwar da suka ji ta. Mu a ganinmu wannan shi ne babban ciwon: ba dokar kaɗai aka yi wa kuskure ba, an yi wa mutane kuskure. A kasuwanninmu amana ita ce jari, sulhun da dattawan kasuwa za su yi a rumfa sau da yawa ya fi hukuncin kotu amfani ga kowane ɓangare, kalma guda ta ɗan boko kuwa ta rushe shi.

Ko ɗaukaka ƙara ma akwai tarko a cikinta. Mutum zai zaci duk abin da ya fito daga kotun alƙali Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a zai nufa. Amma sashe na 277 na Tsarin Mulki ya lissafa abin da ke hurumin wannan kotu, watau aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon yara da makamantansu, bashin ciniki kuwa ba ya cikin lissafin. Tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 kotunanmu suka tsaya a kan cewa shari'ar da aka yi a kotun da ba ta da hurumi ɓatacciya ce, kome kyawun yadda aka gudanar da ita. Mutum na iya yin shekaru yana safa da marwa, ya yi nasara, daga bisani a ce masa ya koma ya faro daga farko domin ya shiga ta ƙofar da ba ita ba.

Kada kuma mu manta da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, gama fataucinmu bai san shinge ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, abinci ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. Amma ɗan kasuwar Maraɗi yana ƙarƙashin dokar OHADA ne, wadda ƙasashe 17 suke tarayya a kanta, har da Nijar da Cadi da Kamaru, babbar kotunta kuma tana Abijan. Dokarsu ta masu karayar arziki, wadda aka kafa a 1998 aka sabunta a 2015, ta wajabta wa ɗan kasuwar da ya kasa biyan basussukansa ya sanar da kotu cikin kwana 30. Abin da yake zaɓi a wannan gefen, wajibi ne a wancan. Bakatsinen da yake bin Bamaraɗe kuɗin kaya, ya zauna yana jiran a yi masa yadda ake yi a gida, yana iya farkawa ya tarar an raba dukiyar ba da shi ba.

Wani zai ce, to, ashe ke nan mu daina karatu, mu kame bakinmu? A'a. Bayani na gaba ɗaya yana da amfaninsa, kuma akwai abubuwan da ya kamata kowane ɗalibi ya sani har ya faɗa da ƙarfin zuciya, domin dokokin tarayya ne da aka rubuta a fili. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, saboda haka mai barazanar kai Kawu caji ofis a kan kuɗin atamfa ba doka yake bi ba. Amma dokar 1977 ta mai da ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi mai ɗaurin shekara 2, ke nan wanda ya rubuta cek don ya kori masu bin sa ya mai da bashi laifi da hannunsa. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire kuɗin rance daga ajiyar mutum da ke wasu bankunan ta hanyar lambar BVN, in ya sa hannu a kan yarda da haka lokacin karɓar rancen, kuma kaɗan ne daga cikinmu suke karanta abin da suke sa wa hannu. Wanda ya tsaya wa abokinsa lamuni ya sani cewa ana iya bin sa kamar shi ya ci kuɗin. Mu da muka karɓi rancen karatu bisa dokar 2024, biya zai fara ne shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Waɗannan sani ne mai kare mutum. Aikin irin wannan sani shi ne ya koya mana tambayar da za mu yi, ya nuna mana lokacin da abu ya fi ƙarfinmu. Ba zai iya gaya mana wace kotu ce ke da hurumi a kan wannan bashi ba, ko abin da dokar jiharmu ta ce, ko abin da takardar da aka sa wa hannu ta ƙunsa, ko yadda rajistaran kotun garinmu yake karɓar takardu. Mai rubuta shi bai ga takardar ba, bai san garin ba.

Mun san amsar da za a ba mu, cewa lauya tsada gare shi, wanda bashi ya ci kuwa ba shi da abin ba lauya. Gaskiya ne, kuma wannan giɓin ne ya sa iyayenmu suke juyowa gare mu tun farko. Ba za mu yi musu adalci ba in muka ce su nemi lauya muka juya baya. Akwai Hukumar Ba Da Agajin Lauya da aka kafa tun 1976, aka sabunta dokarta a 2011, ko da yake ƙarfinta bai kai yawan mabukata ba. Tsangayoyin shari'a na jami'o'i da dama suna da ofisoshin ba da shawara kyauta, inda ɗaliban shari'a suke aiki ƙarƙashin kulawar malamansu. Da yawanmu muna wucewa ta gabansu kullum ba mu taɓa leƙawa ba, balle mu kai wani.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta haɗa kai da 'yan'uwanmu masu karatun shari'a da malamansu a fitar da 'yan ƙananan takardu da Hausa a kan bashi, jiha-jiha, kowace a rubuta mata a goshi jihar da ta shafa, da kotun da take magana a kanta, da shekarar da aka rubuta ta, a kuma sa malamin fiƙihu ya duba ɓangaren da ya shafi kotun alƙali. Takardar da ba ta faɗi inda iyakarta take ba, kada a buga ta da sunanmu. Ga ma'aikata matasa kuma, kafin ku sa hannu a kan rancen albashi ko ku tsaya wa wani, ku karɓi kwafin takardar ku kwana da ita.

Mu kuwa da za a ci gaba da kira zaure, akwai aikin da za mu iya yi ba tare da mun ari rigar lauya ba. Mu zauna da dattijo mu rubuta sunayen masu bin sa da abin da kowa yake bi, da ranar da aka karɓi kaya, da shaidun da suke wurin, da abin da aka riga aka biya. Mu tattara rasit da duk wata takarda da ya sa wa hannu. In sammaci ya zo, mu karanta masa sunan kotun da ranar zama, mu tabbata ya halarta, domin kotu na iya yanke hukunci a bayan idon wanda ya ƙi zuwa. Sa'an nan mu ɗauki takardun, mu raka shi wurin wanda ya saba tsayawa a gaban wannan kotun.